Sabuwar na'urar yankan sitika tana tsaga mini aiki: a gyara ko a mayar?

Mai shagon rubutun allo, Tudun Wada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa abokan sana'a. Yau kwana 12 ke nan da na karɓi sabuwar na'urar yankan sitika, wadda muke kira plota, mai faɗin milimita 720, daga hannun wani ɗan kasuwa a Kano, kuma har yanzu ban fitar da babban aiki ko ɗaya da zan iya miƙa wa mai shi ba tare da na ji kunya ba. Idan na tura mata ƙaramin rubutu, irin lambar da ake liƙawa a jikin Keke Napep, takan yanka shi lafiya ƙalau. Amma da zarar aikin ya yi tsawo, sai ta yi ta tafiya daidai har wajen rabi, sannan ta ja layi a karkace ta kan haruffan da ta riga ta gama, kamar wanda ya sa reza ya tsaga su da gangan. Shekaranjiya sunan wata makarantar Islamiyya nake yankawa a kan koren sitika mai tsawon mita 2. Sau uku ina sakewa, sau uku tana tsagawa, har na haƙura na kai aikin shagon wani abokina a Sabon Gari, nan Zariya, na biya aka yanka mini.

Na kira wanda ya sayar mini, ya ce duk irinta da ya sayar babu wanda ya taɓa dawo masa da ƙorafi, don haka laifin kwamfutata ne ko kuma ban iya saiti ba. A rasit ɗin an rubuta garantin wata 6. Kuɗin da na sa a cikinta adashe ne na shekara guda, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya gaya mini abin da ya gani da idonsa, domin in san ko in kira mai gyara ko in ɗauke ta in mayar.

Dattijo mai buga riguna da alluna, Samaru

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa ka ci moriyarta. Kafin ka ɗora wa na'urar laifi, ka fara duba rezar, domin a nan yawancinmu muka yi tuntuɓe a farkon shigarmu. Lokacin da na sayi tawa ta farko na fito da tsinin rezar sosai, ina zaton hakan ne zai sa ta yi kaifi, sai ga shi tana huda sitika har da takardar bayansa, tana kuma jan leda tana tattare ta. Abin da ya kamata ya leƙo daga gidan rezar bai wuce rabin kaurin katin ATM ba, wato da ƙyar za ka gan shi, sai dai ka ji shi a ɗan yatsa. Ga sitika na yau da kullum reza mai digiri 45 ake sawa, mai digiri 60 kuma ta kayan da suka yi kauri ce. Idan tsinin ya yi tsawo, yakan taɓa sitika ko da kan na'urar, wato ɓangaren da ke ɗauke da rezar, ya ɗaga, ya bar zane a kan aikin. Ka rage shi, ka danna gwajin da ke jikin na'urar, ka ɓare abin da ta yanka, ka duba takardar baya: ɗan alama kawai ya kamata ka gani, ba tsaga ba.

Mai sitikar motoci, PZ

Malam, bayaninka ya tuna mini da abin da ya same ni a hunturun da ya wuce. Tawa ta yi wata biyar tana aiki babu ko tari, sai da iskar hunturu ta kankama ta fara wannan ɗabi'a: tana cikin yanka sai kan ya zabura ya nufi gefe guda, wani lokaci ma ta tsaya cak, allonta ya daskare sai an kashe an kunna. Na canja kwamfuta, na sake sa manhaja, duk a banza. Ranar da na gano bakin zaren, na kai hannu ne zan gyara naɗin sitika sai ƙarfen ƙafar na'urar ya ɗan ja ni, har na ji ƙarar tartsatsi. Ashe lantarkin nan ne da ke taruwa a jikin leda idan iska ta bushe, irin wanda mutum ke ji idan ya cire rigar sanyi da dare. Dogon sitika yana ta gogar ƙafar na'urar da ƙasa yana kai da komowa, lantarkin ya taru, ya fashe a kan fanel, wato allon wutar da ke cikin na'urar, saƙon da ke zuwa daga kwamfuta ya rikice. Shi ya sa ƙaramin aiki ke fita lafiya, dogo kuma ya lalace.

Maganin da na yi bai ci kuɗi ba. Na ɗaura waya daga wani kusa na jikin na'urar zuwa ƙarfen ƙafarta, na kuma sa mai gyaran wuta ya duba soket ɗin shagon, inda ya tarar da cewa ba a haɗa wayar ƙasa ba ko kaɗan, kamar yadda yake a shaguna da yawa a garin nan. Na kuma daina barin na'urar ta ja sitika kai tsaye daga naɗi. Nakan warware tsawon da nake buƙata tukuna. Tun daga ranar ba ta sake ba.

Hajiya mai buga rigunan makaranta, Gyallesu

Ni abin da zan faɗa gargaɗi ne, domin na ɗanɗana. Tawa ta zo da matsalar kashewa da kanta tun a makon farko. Maimakon in kira wanda ya sayar mini, sai ƙanena ya kawo wani yaro mai gyaran firinta, wanda ya kwance murfin gefe, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce wata waya ce ta saki. Kwana biyu ta yi ta koma gidan jiya. Da muka kai ta, abin da mai kayan ya fara dubawa shi ne 'yar takardar da aka liƙa a kan kusan murfin, ya ga ta yage, nan take ya ce garanti ya faɗi. Babu irin roƙon da ban yi ba. A ƙarshe da kuɗina na sayi sabon fanel ɗin wuta, ga kuɗin mota, ga rigunan wata makaranta da na kasa kai wa kafin a koma hutu, har suka ba wani aikin.

Saboda haka, Malam, duk gwajin da za ka yi ka tsaya a waje, kada sukundireba ya taɓa jikinta. Ka kuma adana kwalin da kumfar da ta zo a ciki, domin ni har wannan sai da aka tambaye ni. Maganar da za ku yi da mai kayan ma ka mayar da ita rubuce a WhatsApp, tun da kiran waya ba ya barin shaida.

Mai gyaran na'urorin ɗab'i, Sabon Gari

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ni kaina ba na buɗe na'urar da ke cikin garanti sai da izinin wanda ya sayar. Malam, layin da ke tsaga aiki iri biyu ne, kuma idan ka bambance su ka gama rabin binciken. Ka ɗauko ɗaya daga cikin sitikan da suka lalace ka bi layin da ido. Idan ya tashi daga inda wani harafi ya ƙare ya sauka daidai inda wani harafin ya fara, to na'urar ta san inda za ta, rezar ce ba ta ɗaga ba lokacin da ya kamata ta ɗaga. Idan kuwa layin ya nufi wurin da babu komai, ko aikin ya goce daga nan gaba, to saƙon ne ya rikice a hanya, kuma a nan ne maganar Malam na PZ take shigowa, tare da wayar USB mai tsawo ko marar inganci, da kuma saitin mashigar COM, wato hanyar da kwamfuta ke tura wa na'urar saƙo, wanda a yawancin irin waɗannan na'urori gudunsa 9600 ne.

Ka daina ɓata sitika wajen gwaji. Ka cire gidan rezar ka sa gidan biro da ya zo a cikin kwalin, ka shimfiɗa farar takarda mai faɗi, ka tura aikin nan na makarantar Islamiyya. Takarda ba ta tara lantarki kamar leda, biro kuma zai nuna maka duk inda kan ya taɓa. Idan na'urarka tana da wurin sa filash, ka maimaita aikin daga filash bayan ka zare wayar kwamfuta gaba ɗaya. Abin da ke saukar da reza wani koyil ne, wato naɗin waya, a cikin kan na'urar, wanda wuta ke sa shi ya danna, idan ta ɗauke kuma ya saki. Na sha ganin sabuwar na'ura wadda kan nata ke sarƙewa bayan ya yi zafi, shi ya sa za ta yi minti 10 ko 15 lafiya sannan ta fara. Idan ta yi maka hakan, ka kashe ta nan take, ka danna kan da ɗan yatsa ka saki. Ya kamata ya dawo sama da kansa ba tare da jinkiri ba. Ka sa wani ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyo tun daga farko, a ga lambar jikin na'urar, a ga babu kwamfuta a haɗe.

Mai shagon hotuna da kati, Kongo

Abu ɗaya zan ƙara. Tawa ta riƙa tsallake haruffa duk lokacin da muka koma kan ƙaramin janareta kuma aka kunna injin gugar riguna a layi ɗaya da ita. Da na raba musu layi na sa mata sitabilaiza, matsalar ta tafi. Malam, ka yi gwajin naka a lokacin da wuta ta tsaya daidai, domin kada mai kayan ya sami abin kamawa.

Malamin makaranta mai sana'ar sitika da yamma, Ƙofar Doka

Na taɓa mayar da injin gugar riguna da ya zo da aibi, don haka na ɗan bi ta kan wannan hanya. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta shekarar 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata 3 daga ranar da aka miƙa masa kaya ya mayar da su idan suna da aibi, a gyara masa, ko a canja, ko a ba shi kuɗinsa. Sai dai dokar ta fitar da wanda ya sayi kaya domin ya sarrafa wasu kayan sayarwa da su daga ma'anar mai saye, kuma wannan ƙofa ce da ɗan kasuwa zai iya bi ya ce na'urar ta sana'a ce. Saboda haka rasit ɗinka mai garantin wata 6 shi ne makaminka na farko.

Abin da ya fi yi mini amfani a lokacin shi ne hukuncin da kowa ya sani a fikihunmu na Malikiyya, cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi a jikinsa yana da zaɓin ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa, amma idan ya ci gaba da amfani da shi bayan ya ga aibin, ana ɗaukar hakan a matsayin ya yarda. Ka daina yi wa mutane aiki da ita daga yau. Idan mai kayan ya ƙi sauraro, ka nemi shugabannin layinsu a kasuwa, ka je da mutum ɗaya mai mutunci. Ni a gabansu aka canja mini nawa, ba tare da an ɗaga murya ba.

Mai shagon rubutun allo, Tudun Wada

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya. Baba na Samaru ya yi gaskiya, tsinin rezata ya yi tsawo, na rage shi, gefen haruffa ya ƙara kyau, amma tsagar ba ta daina ba. Na ɗaura wayar ƙafa, na canja wayar USB, duk da haka ta sake. Da na bi layukan da ido kamar yadda Malam mai gyara ya ce, sai na ga kowanne ya tashi ne daga ƙarshen wani harafi zuwa farkon wani. Na sa biro da takarda, na tura aikin daga filash, yarona yana ɗaukar bidiyo. Ta yi kusan minti 20 lafiya, sannan biron ya fara jan layi tsakanin haruffa. Na kashe na danna kan, sai ya tsaya a ƙasa, da ƙyar ya dawo, ga shi da ɗumi a hannu.

Na tura wa mai kayan bidiyon da hoton rasit. Da farko ya ce zai aiko mini da sabon kai ta mota in sa a ɗaura a nan Zariya, na ce ban amince a buɗe ta a hannuna ba, kuma na'urar da ba ta cika mako uku ba canji ya kamace ta. Jiya da asuba na mayar da ita cikin kwalinta, na hau mota a Kwangila tare da yayana. Da muka isa ya haɗa ta a gabanmu, ta yi masa abin da take yi mini, bai ƙara jayayya ba ya sa aka fito da wata. Ban yarda na ɗauka ba sai da ta yi minti 40 tana zane da biro, sannan ta yanka mita 2 na sitikan da na tafi da shi, aka kuma rubuta sabon rasit da lambar sabuwar na'urar da ranar jiya. Yau da safe na yanka allon wani kantin magani da ita, ya fita sumul. Abin da ya rage mini yanzu shi ne reza mai digiri 60, domin an kawo mini aikin sitika mai ƙyalli na bayan tirela. Idan akwai mai sayar da ita a Sabon Gari ko PZ, don Allah a sanar da ni kafin Asabar.