Waɗanda aka taɓa ɗibar jininsu don bincike, ku zo mu ji

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Masu bincike sun zo asibitin garinmu suna neman jinin masu lafiya, wai za su ware ƙwayoyin garkuwar jiki su saka musu wata ƙwayar gado a ɗakin gwaji. Baffana ya hana kowa a gidansa zuwa. Wanda ya taɓa bayarwa, yaya ta kaya?

'Yar Bichi: Wa alaikumus salam. Ni da hannuna na yi aikin lokacin digiri na biyu. Ana juya jinin a na'ura har fararen ƙwayoyin su taru a tsakiyar kwalba, siririn layi mai hazo-hazo, sai a tsamo nau'in da ake kira T. Ƙwayar gadon kuwa, ko a ɗora ta a kan bairos ɗin da aka raba da dafinsa ya kai ta ciki, ko a ɗan fizgi ƙwayoyin T ɗin da lantarki fatarsu ta buɗe. Lantarkin yana kashe da yawa, washegari ka tarar da gawarwaki suna yawo a ruwan renon. Waɗanda suka tsira ana ajiye su a zafin digiri 37, mukan kuma haɗa da alamar da ke sa wadda ta karɓa ta yi hasken kore. Irin wannan aikin ne ya haifar da maganin kansar jini da Amurka ta amince da shi a 2017. Ka gaya wa Baffa, na gwaji ba a mayar da su jikin kowa.

Malamin firamare, Kazaure: Kada ka ga laifin Baffa. Duk wanda ya san gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996 da rigimar da ta biyo baya dole ya yi taka-tsantsan. Ni sai da aka karanta mini takardar neman amincewa da Hausa a gaban mai unguwa, na tambayi inda za a kai jinin, sannan na miƙa hannu.

Uwar mai sikila, Gwaram: Ni ma na bayar, don mun san darajar jini a gidanmu. Abin da ya tsaya mini a rai, ba wanda ya dawo ya ce ga abin da aka gano. A rediyo na ji an samu maganin sikila na gyaran ƙwayar gado a 2023, kuɗinsa dala miliyan 2.2. Ɗana, in sun dawo Ringim ka tambayar mana, yaushe za su kawo sakamako?