Jifan kyauta a ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka: abin da na tsinta a hirarmu

Jiya mun daɗe muna musu kan jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa in an yi masa keta. Wasu sun ce ba shi ke cin wasa ba, tsaron gida da kwaso ƙwallon da ta baro kwando sun fi. To amma da aka kawo maganar fainal ɗin 2008 kowa ya yi tsit, Memphis na gaba da maki 9 saura minti biyu da 'yan daƙiƙu, suka ɓarar da huɗu cikin jifan kyauta biyar na ƙarshe, Mario Chalmers na Kansas ya jefa mai maki uku ya farke, Kansas ta ci 75-68 a ƙarin lokaci. Wallahi har yau abin na min ciwo.

Shawarar da aka fi yarda da ita, koci ya sa yara atisayen jifan bayan sun gaji liƙis, gumi na zuba hannu na rawa, domin a haka ake jefa shi a wasa. Kuma a tuna a wasan maza daga keta ta bakwai zuwa ta tara da ƙungiya ta yi a rabin lokaci, in ka ɓarar da na farko babu na biyu, don haka a mintin ƙarshe ƙwallo ta zauna hannun gwanin jifa.