Bayan Hilux ɗina yana tsalle in na taka totur, mai walda zai iya haɗa min sandar riƙe aksul?

Mai_Riɗi:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tsohuwar Hilux mai dizil ina ɗauko buhunan riɗi da ita daga ƙauye, kwanaki na sa aka ɗaga min bayanta da bulon ƙarfe inci 2 tsakanin aksul da sifirin saboda yashi. To tun daga nan in zan tashi da lodi a giya ɗaya sai bayan ya dinga tsalle gaf gaf gaf, taya ta kama ta saki, har kuros ɗin farfela ya mutu. Na ga a YouTube 'yan Amurka suna haɗa wasu sanduna daga aksul zuwa shasi, "tarakshan-ba" suke ce musu. Mai walda zai iya min ko sai an yi oda? kuma wane ƙarfe ake sawa

Oga_Bakanike:
Wa alaikumus salam. Malam bulon nan shi ya jawo maka. In taya ta juya gaba, gidan aksul baya yake son juyawa, ba abin da ke riƙe shi sai sifirin, sai fallayen su lanƙwashe kamar harafin S, taya na sulɓewa su sake da ƙarfi, tsallen da kake ji kenan. Hancin aksul yana ɗagawa sama yana dawowa, kuros kuwa ba ya son wannan kwanar. Bulo ya ƙara nisa tsakanin aksul da sifirin don haka murɗawar ta fi ƙarfi. Kafin ka kashe ko sisi a sanda a duba yu-bol (ƙarfen nan mai siffar U da ke ɗaure aksul da sifirin) da santa bol (notin da ke haɗa fallayen a tsakiya) da bushin, wallahi motoci da yawa yu-bol ne kawai ya saki. In fallayen sun gaji a canza ko a ƙara falle ɗaya a cire bulon, sau da yawa shi kenan.

Ɗan_Walda:
Oga gaskiya ka faɗa, amma in yana son tsayin ya zauna sandar tana yi kuma ba sai oda ba. Alhaji ka nemi bututu mai kauri wanda ba shi da ɗinki, faɗin inci 1.75 ko 2, kaurin bango wajen mm 6. Don Allah kar a sa maka fayif ɗin ruwa, lanƙwashewa zai yi, mai farin shafen nan kuma hayaƙin waldarsa guba ne. Kowane baki a sa bushin na roba, ko ido mai juyawa in an samu, ɗaya zaren dama ɗaya na hagu yadda za ka saita tsawo ba sai ka kwance ba. Kunnen da zai riƙe bakin sandar na baya a jikin bututun aksul za a yi masa walda, kaɗan kaɗan ana bari yana hucewa, in ka zuba masa wuta lokaci ɗaya zai karkace ya dinga cin boris. Kar a taɓa tukunyar tsakiya in ƙarfen zubi ce. Na gaba kuwa ni huda gefen shasi nake in ɗaure da noti mai lamba 10.9 da faranti a baya. A cire kan batir, a kula da tankin mai da layin birki.

Baban_Ummi:
Abin da ba ku faɗa masa ba shi ne tsawo. Aksul ba miƙe yake hawa da sauka ba, rabin sifirin na gaba yake bi yana ɗan zagaye, in sandar ta bi nata zagayen daban sai su dinga faɗa da juna, mota ta sandare a gargada, ƙarshe kunne ya tsage ko shasin kansa. Ku a kwalta ba za ku ji ba, shi da ke shiga rami da lodin riɗi zai ji a ƙugunsa. Ni da nawa ne sanda ɗaya zan yi kusa da tsakiya, ta kama aksul sama da ƙasa, bakinta na gaba a rataye a shakul, wato ɗan maratayin ƙarfe mai lilo, ta hana murɗawa amma sifirin ya yi aikinsa. Kuma mota na tsaye a ƙasa kan tayoyinta ake aunawa, ba a kan jak ba.

Mai_Riɗi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Gobe zan kai a duba yu-bol ɗin tukuna. Baban Ummi shakul ɗin a tsaye zai kasance in mota ba lodi, ko da rabin lodi za a saita?