Babbar Sallah ta farko babu Baba, ni kam bana jin zan iya zuwa gida

'Yar Fagge:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Allah ya yi wa Babanmu rasuwa ran 21 ga azumin nan da ya wuce, ƙaramar sallah kam ban ma san an yi ta ba saboda gidan cike yake da masu gaisuwa. To yanzu ga babbar sallah saura kwana 9 kuma sai yanzu abin yake cina. Shi yake yanka da hannunsa, in ya dawo daga idi ko babbar riga baya cirewa sai dai ya naɗe hannu ya ce a miƙo wuƙa, kuma hanta in an gasa ni yake fara ba wa tun ina yarinya har na yi aure na dawo Kaduna. Jiya na ga an wuce da rago a adaidaita sahu kawai sai ga hawaye a bakin titi kamar wata zautacciya. Maigidana ya ce mu shirya mu tafi Kano, ni kuma wallahi bana son in shiga zauren nan in ga tabarmarsa a naɗe. Laifi ne in na yi zamana?

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. 'Yar uwa ki je. Ni na yi irin wannan zaman da Innarmu ta rasu, na kulle kaina a ɗaki na kashe waya, kukan da na guda shi na wuni ina yi kuma ni kaɗai. Sannan ki tuna da Hajiyarku, takaba wata 4 ne da kwana 10, kinga ita sai wajen ƙarshen Muharram za ta fita. Ba lalle ba turare ba kwalliya, ba zuwa gidan kowa, yara duk za su watse yawon sallah da kallon hawa a barta da ɗakin mijinta. Ko don ita.

Almajirin Zage-zagi:
Kuka ba rashin tawakkali ba ne Hajiya. Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da faɗin maganar da ba ta dace ba. Kuma ya tabbata bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da naman. Ku bincika su wa Baba yake kai wa nama duk shekara, kar ya yanke a hannunku.

Na Maraɗi:
Ni dai zan ɗan saɓa. Kar a matsa mata, ba kowa zuciyarsa ɗaya ba. Abin da ya fi gajiyar da ni sallar farko bayan rasuwar yayana shi ne duk wanda ya shigo barka da sallah sai ya mai da ita ta'aziyya, ya haƙuri ya haƙuri tun safe har magariba, ka ɗan samu ka manta sai wani ya sake tono maka. In za ki je ki je jajiberi ki kwana biyu ki juyo, kuma ki rage leƙa status ranar, hotunan mutane da iyayensu a filin idi ba ƙaramin abu suke yi wa mutum ba.

'Yar Fagge:
Nagode sosai Allah ya bar zumunci. Na kira Hajiya ɗazu na tambaye ta maganar naman, ashe gida 11 ne, har da wani tsoho mai gyaran keke da suka yi makarantar allo tare, ni ban taɓa sani ba. Tana lissafowa muryarta na rawa amma har dariya ta yi da ta zo kansa, wai shi in ba cinya aka kai masa ba sai ya aiko da ƙorafi. Za mu taho ranar Arfa in Allah ya yarda. Yanzu rigimar da ake yi ƙanina ya ce shi ba zai iya riƙe wuƙar Baba ba, Kawu kuma ya ce ai dole ya koya.