Fedar birki tana sulalewa ƙasa: a sake wa masta robobi ko a sayi wata?

Mai Tambaya

Assalamu alaikum. Motata ƙirar 2004 ce, kuma mako uku da suka wuce aka sauya mata fayif ɗin birki na baya, inda yaron gareji ya yi ta taka feda har ƙasa don a fitar da iska. Tun daga ranar, idan na tsaya a danja na ajiye ƙafata a kan birki, sai in ji feda tana sulalewa sannu a hankali, amma idan na ɗaga ƙafa na sake takawa sai ta kama. Man birki bai ragu ba, kuma na leƙa bayan tayoyin huɗu ban ga laima ba. Bakanikena ya ce masta ce, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi idan an taka feda, ya ba ni zaɓi uku: a sake mata robobi, ko a sayo ta Beljiyam, ko a sa sabuwa. Wanne ya fi?

Tsohon Bakanike

Wa alaikumus salam, Malam. Bakanikenka ya yi gaskiya. Tun da man bai ragu ba, ba waje yake zuba ba, a cikin mastar yake kewaye robar fistin yana komawa kwalbarsa. Ina kuma kyautata zaton ranar fitar da iskar nan ce ta ƙarasa ta, domin a tuƙi na yau da kullum fistin yana zirya ne a ɗan gajeren wuri da ya riga ya goge sumul, can gaba kuwa datti da tsatsa sun taru shekara da shekaru, to da aka taka feda har ƙasa sai robar ta bi ta kansu, leɓenta ya yage.

Kada ku yanke shawara sai an kwance ta an wanke, an haska cikin ramin da fistin yake zirya da tocila. Idan farce ya maƙale a wani karce, ko aka ga ƙananan ramukan tsatsa, sabuwar roba ba za ta yi kwana ba. Ta ƙarfen zubi ana iya goge cikinta kaɗan, ta alminiyam kuwa galibi tana da wani tauri a fuskarta wanda idan aka kankare shi an kashe ta. A taɓa bayanta kuma, inda take haɗuwa da baƙar tukunyar nan ta busta mai ƙara wa feda ƙarfi, a ga ko akwai mai.

Direban Hanya

Baba ya gama magana, sai dai in ƙara abin da ya same ni. An taɓa sake wa tawa robobi, aka wanke kayan a cikin gwangwanin fetur kamar yadda ake yi wa sauran ƙarafa, cikin 'yan kwanaki robobin suka kumbura suka toshe ɗan ƙaramin ramin da mai yake komawa ta ciki, birki ya riƙe, tayoyin gaba suka yi zafi har suna wari. Robar birki ba ta shiri da fetur ko kananzir ko baƙin mai. Da man birki sabo ake wanke ta.

Ka tsaya a kansu su cika mastar da mai su fitar mata da iska tun tana kan benci, kafin a ɗaura ta. Man kuma ya zama wanda aka rubuta a murfin kwalbar, daga sabuwar gora, saboda yana zuƙar laimar iska: man birki nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 140. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4. Ta Beljiyam kuwa ni ban yarda da ita ba, don sa'ar taka ce, kuma babu wanda ya san tsawon zamanta a bushe.

Tsohon Bakanike

A nan na ɗan saɓa maka, ɗana. Ta Beljiyam ta asali wadda cikinta yake lafiya, aka sa mata robobi masu kyau, ta fi mini sabuwar jabu da ke cikin kwali mai ƙyalli. Kowacce dai za a saya, a tafi da tsohuwar a gwada, domin ta mota mai ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi, takan bambanta da wadda ba ta da shi.

Mai Tambaya

Allah ya saka da alheri. Yau da safe aka kwance ta a gabana. Man ya fito baƙi kamar shayin da ya kwana, leɓen robar farko ya ɓantare, kuma a ƙasan ramin akwai ramuka biyu da farcena ya tsaya a cikinsu, saboda haka batun robobi ya faɗi. Gobe zan shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da ita a leda. Baba, idan za a sake fitar da iska, shin in sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa?