Injin ya fara misin bayan an ƙara wa mota ƙarfi: kowa ya faɗi yadda tasa ta kasance

Ɗan Agege:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman waɗanda suka taɓa ƙara wa motarsu ƙarfi, ko da matatar iska kawai suka canza ko salansa, daga baya injin ya fara misin, wato wata silinda na tsallake kama wuta. Ku zo ku faɗa mana abin da ya same ku da idonku da abin da aka gano, ban da "an ce wai". Tawa Golf GTI ce ta 2011, injin 2.0 mai turbo. An sake mata lissafin birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, an kuma sa mata bututun salansa mai faɗi. A silo, wato tana kunne a tsaye, lafiya lau take, cikin gosulon titin Ikorodu ma ba ta ce uffan. Sai na samu fili a gadar Third Mainland na take totur a giya ta huɗu, nan take fara cijewa tana fizga, wutar gargaɗin injin da ke gaban direba na ƙyaftawa. Da na ɗaga ƙafa sai ta dawo daidai. Mai gyarana ya ce nozul ne, wato abin da ke fesa mai cikin injin, wani ya ce famfon mai, kuma ko wanne ba kuɗin wasa ba ne.

Tsohon Bakanike, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, riƙe kuɗinka tukuna. Ka riga ka ba da rabin amsar da bakinka, tunda ka ce sai ka take ta take yi. Na gyara wata Audi A4 mai injin irin na taka, an ƙara mata ƙarfin turbo, mai ita ya zo mini bayan ya canza nozul huɗu a banza. Matsalar tana wajen wuta.

Ga yadda abin yake. In aka ƙara wa turbo ƙarfi, iskar da ake cusawa cikin silinda ta ƙaru, matsi ya ƙaru. Tartsatsin filogi kuwa, duk sa'ad da matsi ya ƙaru, yana buƙatar wuta mai ƙarfi kafin ya tsallake tazarar bakin filogin. Kamar mai ƙyasta ashana ne a ɗaki da mai ƙyasta ta a filin iska. Koyil, wato abin da ke ba filogi wuta, in ya fara gajiya zai iya ɗaukar silo da gosulo shekara guda bai nuna ba, amma ranar da ka nemi ƙarfi duka sai ya kasa. Filogin kamfani na wannan injin tazararsa kusan 0.8 ce ta milimita. Masu ƙara ƙarfi suna matse ta zuwa 0.6 ko 0.7, su kuma sa filogi mai saurin zubar da zafi. A filogin kamfanin NGK, yawan lamba shi ne yawan sanyi, daga 7 a koma 8. A na kamfanin Bosch kuwa lissafin a juye yake, kada ka bari yaron shago ya rikita ka.

Kuma ka daina gwada ta a gada. Wutar injin in ta tsaya cak, gargaɗi ne. In tana ƙyaftawa, ɗanyen mai ne ke wucewa cikin salansa yana ƙonewa a can.

Rewaya, Mile 12:
Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. Oga, kafin a kwance komai a sa mata kwamfuta a rubuta lambar da ta fito, kada a goge. P0300 na nufin misin ɗin bai tsaya a silinda ɗaya ba. P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. In silinda ɗaya ce, gwajin kyauta ne: ɗauke koyil ɗinta ka musanya da na maƙwabciyarta, ka goge lambar, ka tuƙa. In lambar ta bi koyil, ka kama ɓarawo. In ta zauna inda take, musanya filogi. In har yanzu tana nan, sai a fara maganar nozul ko cikin injin.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu kwamfutar da ke ganin lamba su ce "canza kaza". Lamba ba ta faɗin kayan da ya mutu, wurin da ciwon ya bayyana take nunawa. Kwanan baya an kawo mini wata Accord da aka sa wa manyan lasifikoki da fitilu masu ƙarfi, tana jijjiga in an kunna na'urar sanyi. An canza filogi, an canza koyil. Wayar nagatif da ke haɗa injin da jikin mota ce aka kwance lokacin aikin aka mayar a sake. Sifana ɗaya ta gama zancen.

Mai Camry, Oshodi:
Tawa saɓanin ta Ɗan Agege ce. Camry Muscle, injin 2.4, babu turbo. Na cire akwatin matatar iska na kamfani aka sa mini irin mai kan mazurari ɗin nan, ja, wadda ake shafa wa mai, da bututun ƙarfe mai sheƙi. Gurnanin ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma a silo sai ta riƙa rawa, in na tsaya a gosulo allurar ta sauka kamar za ta mutu. A kan gudu ba ta damuna sosai. Kwamfuta ta ba da P0171, wato iska ta yi wa mai yawa, tare da P0300.

Abu biyu aka samu. Man da aka shafa wa matatar ya bi iska ya manne a siririyar wayar sensar iska, sai take faɗa wa birenbos ƙarya. Na biyu, akwai ƙaramin tiyo da ke fitowa daga murfin injin ya shiga bututun kamfani, sabon bututun ba shi da wurinsa yadda ya kamata, aka cusa shi aka naɗe da salatif, iska na shiga ta bayan sensa ba a ƙirga ta ba. Mai kwamfutar ya nuna mini inda birenbos ke ƙara mai don cike giɓi, ya haura kashi 20 cikin 100. Ya ce in ya wuce 10 ma a fara bincike. Aka wanke sensar da feshin da aka yi don ita, ba na kabureta ba, aka mayar da akwatin kamfani. Shiru kake ji.

Ɗalibin Yaba:
To Yaya ai ka yi asarar ƙarfin da ka samu ke nan.

Mai Camry, Oshodi:
Wane ƙarfi, ƙanina? Matatar tana zaune tsirara kusa da injin, cikin gosulon Legas da rana tsaka, iska mai zafi take zuƙa. Akwatin kamfani daga gaban mota yake jawo tasa. Ƙara na saya, ba ƙarfi ba.

Hajiya Mai Lexus, Lekki:
Sannunku. Ni ba na shiga harkar ƙara gudu, ƙanina ne ya karɓi motar ya ce zai "gyara mata numfashi". IS250 ce. Ya dawo da ita an sauke matatar iska can ƙasa bayan bamba, an cire indomie ɗin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, an kuma cire murfin roba na saman injin wai don a ga kyau. Da rani ba abin da na gani in ban da warin hayaƙi da wutar injin da ta ƙi mutuwa. Da damina ta kankama, duk ranar da na ratsa ruwan da ke kwanciya a hanyar Lekki zuwa Epe, sai ta kama tari da jijjiga, washegari da rana ta ware. Makanikina ya zaro koyil ya samu ruwa kwance a ramin filogi biyu, robar koyil ɗin ta tsage, matatar kuma jiƙe sharkaf. Na ce a mayar mini da komai yadda Bajafane ya yi shi. Indomie ɗin ne kawai bai dawo ba, don an ce an riga an sayar.

Tsohon Bakanike, Idi-Araba:
Hajiya, ki yi sadaka, Allah ne ya rufa asiri. Matatar da ke ƙasa in ta nutse, ruwa take sha kai tsaye, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. Fistan na tasowa ya tarar da shi, sandar fistan ta lanƙwashe. Na buɗe irin wannan injin, kuma mai shi bai ma san ya sha ruwa ba, misin kawai yake ji a silinda ɗaya da ba ya jin magani. A garin da ruwa ke kai gwiwa a watan Yuni da Yuli, ban ga dalilin wannan aikin ba. Masu kai mota a wanke injin da ruwan famfo mai ƙarfi su ma ramin filogi suke cikawa.

Ɗan Agege:
Allah ya saka da alheri, Baba. Na bi yadda ku da Rewaya kuka ce. P0302 ce ta fito. Muka kai koyil ɗin silinda ta biyu zuwa ta uku, lambar ta koma P0303. Na shiga kasuwar kayan mota ta Ladipo na sayi koyil huɗu gaba ɗaya, aka sa filogi lamba 8 aka matse zuwa 0.7. Fizgar ta tafi. Saura abu ɗaya: da safe tana tashi kamar ta tsage, amma da rana in na daɗe a gosulo sai in ji ta yi nauyi, wani lokaci da 'yar ƙara ƙil-ƙil in na take.

Rewaya, Mile 12:
Wannan kuma ba wuta ba ce, mai ne da zafi. Tambayi wanda ya yi maka lissafin, don wane irin fetur aka rubuta shi? Yawancin waɗannan fayiloli daga Turai ake kwafo su, inda fetur ɗin yau da kullum oktan 95 ne, na masu gudu 98. Namu na gidan mai bai kai can ba. In oktan, wato ma'aunin yadda mai ke jure matsi, ya yi ƙasa, matsi da zafi suka yi yawa, mai na kamawa da kansa kafin lokacinsa. Sensa ta ji ƙarar, birenbos ya ja taimin, wato lokacin tartsatsin filogi, baya don ya ceci fistan, shi ne nauyin da kake ji.

Ɗalibin Yaba:
Akwai maganin ƙara oktan na kwalba da ake zubawa a tanki, abokaina na amfani da shi.

Rewaya, Mile 12:
Kowane tanki kwalba, har yaushe? Kuma wa ya tabbatar maka abin da ke cikin kwalbar? Ya koma a sassauta masa lissafin ya dace da man da yake sha, a duba kuma ko abin sanyaya iskar turbo bai toshe da datti ba. In mai lissafin ya ce ba zai iya gyara fayil ɗin ba, to ba shi ya rubuta ba, a mayar da na kamfani.

Baban Yara, Alaba Rago:
Tunda an zo maganar mai, kada kowa ya manta Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai metanol fiye da ƙima, layi ya cika gidajen mai a Legas da Abuja. A daidai lokacin na canza wa Benz ɗina salansa. Ta fara misin, kowa ya ce salansar ce, har ni. Aka zuƙe tankin aka zuba wani man, ta dawo. Don haka ban da abin da aka taɓa, a tuna inda aka sha mai na ƙarshe.

Sannan filogin jabu. An taɓa sayar mini da na iridiyam a kwali mai kyau, kuɗinsa rabin na ainihi. Bai jima ba tsinin ya cinye, tazarar ta buɗe. Araharsa ce ta kamata ta tsorata mutum.

Direban Haya, Ojota:
Ban sani ba ko tawa ta shiga wannan layi, don ni ba gudu na nema ba, sauƙi na nema. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 lissafin haya ya daina fita, sai na mayar da Corolla ɗina ta 2006 mai shan gas na CNG. A fetur sumul, da ta koma gas sai cijewa, wani lokaci har ta yi harbi ta wajen matatar iska fasinja ya zabura. Wanda ya duba ya ce gas ya fi fetur wuyar kamawa da tartsatsi, tsohon filogin da fetur ke haƙuri da shi gas ba zai yi ba. Aka sa sababbi aka rage tazara daga 1.1 zuwa 0.8, aka sake daidaita kwamfutar gas ɗin don tana ba da shi kaɗan. Na samu lafiya na tsawon lokaci.

Yanzu kuma wani sabon salo ta ɗauko. Rawa a silo, a gas da fetur duka, P0304 kullum. Na musanya koyil, na musanya filogi, har nozul an musanya, lambar na nan a ta huɗu. Baba, me ya rage?

Tsohon Bakanike, Idi-Araba:
Abin da ya rage cikin injin ne, ɗana, amma kada gabanka ya faɗi tukuna. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul yadda fetur ke yi, musamman in an daɗe ana ba da shi kaɗan kamar yadda ka ce taka ta yi da farko. Mazaunin bawul na cinyewa a hankali, bawul ya nutse, 'yar tazarar da ke samansa ta ƙare, sai ya daina rufewa ruf. Injin Corolla na shekararka ba ya daidaita wannan tazara da kansa, sai an auna an gyara da hannu.

Ka je a auna matsin silinda huɗun, injin da ɗumi, filogi duka a waje, totur a buɗe. In ta huɗu ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin 100, a ɗiga mata cokali guda na baƙin mai ta ramin filogi a sake aunawa. In ya tashi, zoben fistan ne. In bai motsa ba, bawul ne, sai a buɗe murfin sama a auna tazara da injin a sanyaye kafin kowa ya ce maka a sauke top silinda. In tazarar ce kawai ta matse kuma bawul bai ƙone ba, aikin yini ɗaya ne. Kafin nan ka koma fetur, kuma ka rage lodi. Ka turo mana lambobin huɗun in an auna.