Komawa Linux: abin da na tsinta daga hirar masu amfani da shi

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, masu tsofaffin kwamfutoci suke neman mafita, domin da yawansu ba za su ɗauki Windows 11 ba. A kan haka muka zauna da wasu da suka daɗe suna aiki da Linux, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows.

Bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kada mutum ya yi gaggawar goge Windows. Ya sa Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, a filas, ya tayar da kwamfutar daga nan, ya gwada waifai, sauti da firinta. In komai ya yi, sai ya kwashe fayilolinsa zuwa wani wuri kafin ya girka. Wannan shawarar ce ta fi kwanta mini, domin na taɓa asarar hotunan iyali saboda garaje, har yau abin yana yi mini ciwo.

Mai na'ura marar ƙarfi ya zaɓi Mint mai Xfce, wato wani tsarin fuskar allo, ya fi sauƙin nauyi.

An ɗan yi gardama a kan aikin ofis. LibreOffice, manhajar ofis da ke zuwa da Mint, yana buɗe takardun Word, amma wani lokaci tsarin shafi yakan goce, don haka a riƙa aika takarda a PDF. Wanda abincinsa ke kan CorelDRAW ko Photoshop kuwa, an ce ya bar Windows a gefe guda na faifan ajiyar kwamfutar, ya girka Linux a ɗaya gefen, ya koyi Inkscape da GIMP, masu yin irin aikinsu a Linux, a hankali.

Abin da ya faranta mini rai: akwai tsarin madannai na Hausa a cikin Linux Mint, mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ.